Manhajar Rabon Ruwa da Kwamfutar Bakabe

Tun da aka sauko da ɗan Adam duniya ya tare koguna, ya haddace littattafai, ya auna nisan taurari, amma har yau bai iya yin abu ɗaya sau biyu ba. Na daɗe da wannan ra'ayin, kuma ba a littafi na same shi ba. A jikin allo na same shi, shekarun da na yi ina koyar da lissafi a Birnin Kebbi, ina zana da'ira da safe a wannan aji, in zana ta da rana a wancan, in koma in duba in tarar ko kama ba su yi ba. Mai shayin bakin layinmu a unguwar Nasarawa ganyensa ɗaya ne, cokalinsa ɗaya, hannunsa ɗaya, amma ban taɓa shan irin na jiya ba. Mutum yana zuba kansa a cikin duk abin da ya taɓa, ko ya so ko bai so ba. Masu falsafa suna ganin wannan abin alfahari ne. Ni dai rani guda ya cinye mini.

Bayan na ajiye alli sai na koma rubuta manhaja, irin ƙananan nan da ake sa wa a waya. Ba ni kaɗai na yi wannan ƙaura da furfura ba. Akwai abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, mutumin Argungu, wanda tun muna ɗalibai nake ce masa Bakabe. Shi kuma yana ce mini Malam na Birni, da wata irin murya mai nuna bai yarda da malantar ba, birnin ma yana da ja a kansa. Ya fi ni haƙuri da na'ura, na fi shi tsoronta, shi ya sa aikinmu yake tafiya idan mun haɗu.

Shi ne ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani manhajar rabon ruwa. Gonakinsu suna cikin fadama tsakanin Argungu da Augie, suna da babban injin ban ruwa guda ɗaya da ke jawo ruwa daga gulbi, kuma kafin manhajar kowace shekara sai an yi rigima a kan wa zai sha yau, wa zai jira gobe. Manhajar ba ta da wata dabara mai zurfi. Tana duba girman gona da abin da aka shuka da ranar da gonar ta sha na ƙarshe, sai ta jera mutane. Tana cikin wayar mai kula da injin, shi ne yake dubawa ya buɗe wa wanda layi ya zo kansa. Ta yi aiki lafiya har aka manta da wanda ya rubuta ta, kuma a sana'armu babu yabon da ya wuce wannan.

Sai aka yi wata shekara da albasar 'yan gefen Augie ta yi yaushi, shinkafar 'yan gefen Argungu kuwa ta yi kore shar. Aka tuna da shi. Maganar ta fara a bakin gona, ta shiga kasuwa, ta kai zauren shugaban ƙungiya: Bakabe ya sa wani abu a cikin wayar da ke fifita 'yan garinsu. Kwamitin ƙungiya ya zauna ya ce a dakatar da manhajar, a karɓe rabon ruwa daga hannunsa, sai ya nuna cewa abin da ke cikin wayar shi ne abin da ya ce ya rubuta. Ba albashi yake karɓa a kai ba. Amma da waɗannan mutanen yake salla, da su yake zuwa jana'iza, kuma gaisuwar da suke yi masa ta fara gajarta.

Ya zo gidana da hantsi, kwamfutarsa a jakar goyo kamar ɗan makaranta. Ya ƙi zama sai da na matsa.

"Malam na Birni, sun ce na saci ruwa."

"Kai da aka haifa a bakin gulbi? Ina za ka kai shi?"

"Bari wasa. Mutumin da munka yi makwabtaka tun muna yara, jiya hannu ɗaya yab ba ni, idonai na kallon wani wuri."

Daga nan na daina wasan.

Ga wanda bai san aikin ba, matsalar tana da sauƙin faɗa. Manhaja iri biyu take zama. Akwai rubutunta, wanda mutum zai iya karantawa layi bayan layi ya ga ko akwai son kai a ciki. Akwai kuma abin da ake sa wa a waya, wanda na'ura kaɗai ke gane shi. Aikin juya na farkon zuwa na biyun muna ce masa gini. Mutum zai iya nuna wa jama'a rubutu mai tsabta, ya koma ɗaki ya gina wani abu dabam ya sa musu a waya, babu wanda zai sani. Hanya ɗaya ce ta wanke kai. Wani mutum ya ɗauki rubutun, ya gina a tasa kwamfutar, abin da ya fito ya zama daidai da na cikin wayar, babu ko ɗigo na bambanci. Ana auna wannan da wani dogon jerin haruffa da lambobi da na'ura ke fitarwa daga ginin. Mu muna ce masa tambari. Idan ɗigo ɗaya ya sauya a ciki, tambarin gaba ɗaya sai ya zama wani.

Na karanta rubutunsa a ranar, kuma babu komai a ciki sai lissafin da ɗan aji uku zai gane. Saura in gina. Bakabe ya ce abin ba zai ɗauki lokaci ba, domin a cikin akwati ya gina ta tun farko. Akwatin ba na katako ba ne. Wani keɓaɓɓen wuri ne da ake yankewa a cikin kwamfuta, a zuba masa kayan aikin da aka ambata kaɗai, a rufe, yadda ginin ba zai san a kwamfutar wa yake ba, ba zai san gari ba, ba zai san mai gida ba. A ƙa'ida, akwatin da aka haɗa a Argungu da wanda aka haɗa a Nasarawa abu ɗaya ne. Na koyar da ƙa'idoji shekaru da yawa, ina girmama su kamar yadda ake girmama dattijon da ba ya fita ko'ina.

Muka kwafo manhajar daga wayar mai kula da injin, muka ajiye tambarinta a gefe. Na haɗa akwati bisa bayanin da Bakabe ya rubuta, na gina. Tambarin da ya fito ko harafin farko bai yi daidai ba. Na sake ginawa, ya sake fitowa dabam, kuma bai yi daidai da nawa na farko ba ma. Bakabe ya dubi allon kwamfutar ya dube ni, ya ce ashe ni ma ɓarawon ruwa ne. Ya koma Argungu da la'asar, ya bar ni da aikin.

Abin da ya biyo baya ba labari ne mai daɗin ji ba, domin yawancinsa zama ne. Ana warware ginin biyu, a jera su gefe da gefe, a bi ana neman inda suka saɓa. Wahalar ita ce manhaja a dunƙule take, an matse wani abu a cikin wani, shi ma a cikin wani, saboda haka ƙaramin bambanci a can ciki yana hargitsa duk abin da ke samansa. Sai ka gyara ɗaya kafin na ƙarƙashinsa ya nuna fuska. Gini ɗaya yana cin lokacin da za a dafa shinkafa a sauke, idan wuta ta tsaya. Wuta kuwa a lokacin zafi ba ta tsayawa, tana leƙowa ne ta ga ko muna nan. Batirin kwamfutata ya tsufa, da an ɗauke wuta sai ta mutu a tsakiyar aiki, in zauna ina fifita da kwali ina jiran a dawo da ita in fara daga farko.

Abu na farko da na kama shi ne lokaci. Kayan ginin suna da al'adar buga sa'ar da aka yi aiki a jikin kowane fayil, kamar ma'aikacin gidan waya. Wannan ne ya sa gini biyu nawa ma ba su yi daidai da juna ba. Maganinsa sananne ne, a hana akwatin kallon agogo, a faɗa masa lokacin da zai rubuta. Amma da na karanta lokacin da ke jikin tsohon ginin sai na ga bai yi kama da na kowace ƙasa ba. Na kira Bakabe. Ya ce kwamfutarsa tana kan lokacin ƙasar da aka kawo ta, bai taɓa sauyawa ba, ya dai murɗa agogon da hannu har fuskarsa ta nuna lokacin Argungu. Bayan haka ya ƙara tura shi gaba da 'yan mintuna, kamar yadda ya yi wa agogon hannunsa da na bangon ɗakinsa, don kada jam'i ya wuce shi. Wato an gina manhajar rabon ruwan mutane a wata sa'a da ba a taɓa yi ba a doron ƙasa. Na kwafi sa'ar yadda take na ba akwatina.

Da lokaci ya kwanta sai suna ya taso. A cikin tsohon ginin, a wurare da yawa, akwai sunan wani Bature da ban taɓa ji ba. A cikin nawa, a daidai wuraren, akwai sunan wata Baturiya, wadda na sani, domin kullum na kunna kwamfutata ita take yi wa maraba, ba ni ba. Duk mu biyu a shago ɗaya muka sayi na'urorinmu, na hannu, wurin wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ya daɗe a Nasarawa har Hausarsa ta fi ta 'ya'yana zama ta Kabi. Kayan ginin suna rubuta adireshin inda fayil yake zaune, adireshin kuwa yana farawa da sunan mai kwamfutar na asali. Baƙi biyu da ba su san akwai Augie a duniya ba suna zaune a cikin rigimar albasa.

Na je shagon neman batiri, na yi masa ƙorafi. Na ce me ya hana shi goge sunayen nan kafin ya sayar.

"Haba Malam," ya ce, yana hura ƙura daga wani madannai. "In nig goge, wa za ya saye? Mutane na son su kunna su ga sunan Bature. Shi ne shaidar ta waje ce. In babu, sai su ce ta gida ce anka yi ma kwalliya."

Na ce to sunan ya shiga inda bai kamata ba. Ya ce ai kwamfuta mai tarihi ta fi wadda ba ta da shi, kuma batirin irin nawa sai wani mako. Ni ma lokacin da na saya, sunan na duba kafin in duba madannan.

Abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, hanyar da ya bi ya shigo ce. Akwati rufaffe bai kamata ya san sunan kowa ba, nawa ko nasa. Na koma bayanin da Bakabe ya rubuta na bi shi a hankali, sai na ga wani layi gajere da na wuce a karon farko ban kula ba. Layin yana buɗe wa akwatin hanya zuwa babbar jakar fayiloli ta mai kwamfuta, inda mutum yake ajiye komai nasa. Na sake kiransa. Ya ce e, shi ya sa. Akwatin kirki kowane gini sai ya sauko da kayan aikinsa sabo daga intanet, sabis ɗin unguwarsu kuwa sai ya hau benen makwabci yake samu. Saboda haka ya ajiye kayan a jakarsa, ya buɗe wa akwatin hanya ya riƙa ɗauka a can.

"Taga ce ƙarama," ya ce.

Na ce masa a ajin lissafi ba mu da da'ira mai ƙaramar taga, ko a rufe take ko ba da'ira ba ce. Ya ce ajin lissafi ba ya sayen data.

Na ci gaba da aiki. Tunda tsohon ginin ta tagar aka yi shi, dole in gano duk abin da ya shigo, in rubuta shi a fili, in miƙa wa akwatina da hannu. Aikin ya zama in sa kwamfutata ta yi kamar ita ce tasa, a ranar da ya gina, da agogonsa na ƙarya da Baturensa. Na gano cewa kayan ginin suna kwasar fayiloli yadda suka tarar da su a zube, shi kuwa ya kwafe su ne daga filashi a wani tsari da shi ma bai sani ba. Na gano cewa ɗaya daga cikin kayan aikin da ke jakarsa tsoho ne, ba wanda bayanin ya ambata ba. Kowanne na kama sai in ji kamar na gama, in gina, in jira, tambari ya fito baƙo. Mai ɗakina ta daina tambayata ko an dace. Takan ajiye abinci ta dubi fuskata ta fita.

A can Argungu kuwa ana raba ruwa da baki, ana faɗa, kuma kowane faɗa sai an ambaci sunansa. Ya daina zama a majalisar da yake zama bayan la'asar. Idan ya kira ni ba ya tambayar aikin, sai ya tambayi zafi, ya tambayi iyali, ni kuma in ce saura kaɗan. Na faɗi saura kaɗan har kalmar ta daina nufin komai a bakina.

Daga ƙarshe bambancin ya ragu ya koma wuri ɗaya. A can cikin manhajar, a kan wani ƙaramin fayil da kayan ginin ke ƙirƙira da kansu, tsohon ginin yana da layi guda da nawa ba shi da shi. Kwamfutata ta kasa nuna shi, sai wasu ƙananan murabba'ai a jere da alamun tambaya. Na bincika rubutun manhajar daga sama har ƙasa, babu inda aka ce a sa shi. Na bincika kayan aikin, babu. Abu ne da yake cikin wayar manoma, ba ya cikin rubutun da aka nuna musu, kuma daga kwamfutar Bakabe kaɗai yake fitowa. Idan aka cire ƙawa, wannan shi ne ainihin abin da 'yan Augie suka faɗa.

Ban kira shi ba. Na shiga mota da safe zuwa Argungu, na zauna a baya tsakanin wata mata mai kwandon tumatir da wani mai buhun taki. Duk hanya ina lissafi irin wanda ba na so. Layi ɗaya ba ya isa ya karkatar da ruwa. Amma layi ɗaya yana isa ya kira wani abu da zai karkatar. Na san mutumin nan tun ba mu da gemu, na ci abinci a gidansu, na san ba ya iya ƙarya ko a wasan dara. Na kuma san cewa duk wanda aka taɓa cuta, wanda ya sani ne ya cuce shi. Na gaji da tunanin kafin mu kai rabin hanya, na koma kallon fadama.

Na same shi a zaurensa. Bayan gaisuwa na buɗe kwamfutata na nuna masa murabba'an.

"Mi kas sa a nan?"

"Ban sa komi ba."

"Ga shi kuwa. Ba ya cikin rubutu, kuma daga wurinka yaf fito."

Ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in ba shi fayil ɗin. Na sa a filashi na miƙa masa, ya buɗe a tasa kwamfutar, wadda take da haruffan Larabci. Layin ya fito sarai, daga dama zuwa hagu. Bisimilla ce.

Ya jingina da bango ya rufe ido. Can ya tuna. Shekarun baya, lokacin da yake koyon aikin, ya ga ana iya gaya wa kayan gini abin da za su fara rubutawa a kan duk fayil ɗin da suka ƙirƙira. Kamfanoni sukan sa sunansu a wurin. Shi gidansu ba a fara rubutu a kan allo ko takarda ba tare da ita ba, ko takardar cefane ce, sai ya ga bai dace na'ura ta riƙa buɗe sabon shafi da sunansa haka kawai ba. Ya sa ta a wani ɗan fayil na saituna a jakarsa, ya manta. Ta tagar nan ta shigo tare da Baturen da agogon.

Ban ce masa komai game da abin da na yi tunani a mota ba, shi ma bai tambaya ba. Ya aika aka kawo mana kifi da tuwon shinkafa, muka ci.

Gardamar ta zo ne bayan mun wanke hannu. Na ce daga yau za a toshe tagar, kayan aikin a ajiye su a wuri na musamman da aka ambata a bayani, akwatin kada ya sake ganin jakar kowa. Ya yarda. Sai ya ce to bisimillar fa. Na ce a rubuta ta a cikin rubutun manhajar, a fili, inda kowa zai gani, ta fito a ginin kowa. Ya ce idan aka yi haka ba shi ne ya yi ta ba, ta zama kamar hatimin ofis, duk wanda ya danna maɓalli sai ta fito masa ko ya yi niyya ko bai yi ba. Na ce yanzun ma ba shi yake yi ba, tunda ya manta da ita shekara da shekaru. Ya ce amma daga ɗakinsa take fitowa. Na ce wannan ɗin ne dai matsalar, duk abin da ya fito daga ɗakinsa shi ne ake tuhumarsa da shi. Mu biyu mun yi karatun zaure kafin na boko, kowa yana da abin da zai jawo, kuma mun jawo, har aka kira la'asar ba mu gama ba. A hanyar masallaci ya ce in sa ta a rubutun, shi zai riƙa yin tasa da baki. Na ce da ma haka ake yi tun kafin a ƙera kwamfuta.

Na koma Nasarawa na ƙara layin a cikin abubuwan da nake miƙa wa akwatina. Wuta ta yi mini kara ranar. Tambarin ya fito, na jera shi da na wayar mai kula da injin, na bi su harafi bayan harafi da bakin biro. Daidai suke. Na yi zaton zan ji wani abu. Abin da na ji shi ne bayana yana ciwo.

An sa mana rana a gefen Augie, a ƙarƙashin wata bishiya kusa da gonakin, aka shimfiɗa tabarmi. Shugaban ƙungiya dattijo ne mai son a yi komai bisa tsari. Ya ba ni dama na yi bayani, kuma na yi shi yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya, da misalin awo da mudu. Na ce rubutun babu son kai a ciki, duk mai so a karanta masa. Na ce abin da ke wayar daga wannan rubutun ya fito, ga shaida. Na ambaci agogon da Baturen, aka yi dariya. Na ambaci bisimillar, wasu suka gyaɗa kai. Shugaba ya sa mutum biyu, ɗaya ya riƙe wayar, ɗaya ya riƙe kwamfutata da na samo wa batirin aro, wannan ya karanta harafi wancan ya amsa. Suka bi jerin nan har ƙarshe da murya irin ta masu tilawa, babu wanda ya san abin da yake karantawa, babu kuma inda suka saɓa. Bakabe yana zaune a gefe yana kallon ƙasa, amma na ga kafaɗunsa sun sauko.

Sai wani tsoho mai albasa ya gyara zama. Ya yi mini sannu da hanya, ya ce ya ji bayani kuma ya gode.

"Malam, wanga na biyu, wa yag gina shi?"

Na ce ni.

"Kai kuma mi kake gare shi?"

Na ce abokinsa ne, tare muka yi makaranta.

"To madalla. Akwai wani na ukku da ya iya wanga gini, wanda ba abokinku ba?"

Na ce a ƙa'ida kowa zai iya, shi ya sa muka sha wannan wahalar, duk mai kwamfuta zai ɗauki rubutun ya gina ya ga tambarin da idonsa. Ya ce ya gane. Ya ce yana tambaya ne ko akwai shi. Na duba tabarmin daga wannan gefe zuwa wancan, na tuna duk wanda na sani daga nan har Birnin Kebbi. Na ce a yanzu dai ban san shi ba.

Tsohon bai yi murmushin nasara ba. Shugaba ya yi mana godiya mai tsawo, ya ce kwamiti zai zauna ya duba, aka yi addu'a aka tashi. Mutane da yawa sun zo sun ba Bakabe hannu biyu. Wasu sun bi ta bayan bishiyar sun tafi gonakinsu. Aka sa mana albasa a leda, ƙanana, aka raka mu bakin hanya.

A cikin mota Bakabe ya ce mini ko ba komai yanzu ginin ya tsabtata. Na ce ƙwarai, babu kamarsa a jihar nan. Da muka kai Argungu ya sauka, na wuce.

Tagar tana toshe har yau. Akwatin ba ya sanin agogon kowa, ba ya sanin sunan kowa, kuma na gwada shi a kwamfutar ɗan kasuwar nan ta sayarwa ranar da batirina ya iso, tambarin ya fito daidai. Kwamitin bai mayar wa Bakabe da rabon ruwan ba, kuma mai kula da injin ya goge manhajar don wayarsa ta cika.